Mene ne Cullinan, kuma na wa ne?

Tun rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022 da naɗin Sarki Charles a 2023, sunan Cullinan yake yawan fitowa a labarai, inda 'yan Afirka ta Kudu ke neman a mayar musu da shi.

Cullinan shi ne ɗanyen lu'ulu'u mai daraja mafi girma da aka taɓa haƙowa. An same shi a Janairun 1905 a mahaƙar Premier kusa da Pretoria, aka raɗa masa sunan shugaban kamfanin, Thomas Cullinan. Nauyinsa karat 3,106. Karat ma'aunin duwatsu masu daraja ne, biyar ke yin giram ɗaya. Ke nan ya haura giram 600, kusan nauyin manyan albasar Aliero guda biyu.

Gwamnatin Transvaal, yankin da mahaƙar take, ta saye shi fam 150,000, ta ba Sarkin Ingila Edward na Bakwai kyauta a 1907. A 1908 aka yanka shi a Amsterdam, aka fitar da manya 9 da ƙanana 96. Mafi girma, mai karat 530, yana kan sandan sarautar Ingila, na biyu kuma a kambin sarauta.

Masu kare Ingila na cewa kyauta ce. Amma Transvaal tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya a lokacin, kuma baƙar fata, waɗanda ke shan wahalar haƙa, ba su da ƙuri'a. A ganinmu, kyautar da ba a nemi yardar masu ƙasa ba, ƙwace ce.