Daga Rurum zuwa Kano: yadda "tsibi" ke sa manhajar taswira saurin nemo hanya

Matashin da zai tashi daga Rurum Tsohon Gari zuwa Kano ya buɗe manhajar taswira a wayarsa, kafin ya gyara zama a mota ta zana masa hanya ta Rano, Bunkure da Karfi, har titin Zariya. Tushen irin wannan lissafi shi ne dabarar da Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya wallafa a 1959. Manhajar tana riƙe da mahaɗun hanyoyin da ba ta gama dubawa ba, kuma a kowane mataki tana ɗaukar wanda ya fi kusa. Saurinta ya dogara da yadda aka jera waɗannan mahaɗu.

A nan ake amfani da tsibi, tsarin ajiyar bayanai da J. W. J. Williams ya gabatar a 1964. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane gurbi yana da 'ya'ya biyu a ƙarƙashinsa, kuma adadin uba ba ya wuce na 'ya'yansa. Saboda haka mafi ƙanƙanta kullum yana can sama. Tsibi mai abubuwa 1,000,000 hawansa kusan 20 ne kacal, don haka sakawa ko ɗauke na sama ba ya cin fiye da matakai kaɗan.

Matsalar tana tasowa ne idan abin da ake son cirewa ko gyarawa yana tsakiya. Misali, manhaja ta gano wata gajeriyar hanya zuwa Bunkure, tsohon adadin ya zama shara. Tsibi bai san inda kowane abu yake ba, sai an bi gurbi-gurbi ana nema. A yaren Java, cire wani abu daga PriorityQueue haka yake yi: a tsibi mai miliyan ɗaya, laluben zai iya kai matakai miliyan ɗaya. Idan aka maimaita haka sau dubbai a ƙaramar waya, sai ta ɗau zafi, caji ya zube.

Masu shirya manhaja suna da mafita biyu.

Ta farko ita ce rajista. A ajiye wani kundi a gefe mai nuna lambar gurbin kowane abu, ana sabunta shi duk lokacin da abubuwa biyu suka yi musayar wuri. Idan za a cire, sai a duba kundin, a ɗauko abu na ƙarshe a cike gurbin da shi, sannan a daidaita. A nan sababbin masu koyo ke yawan tuntuɓe: suna tura sabon abin ƙasa kawai, alhali wani lokaci ya fi ubansa ƙanƙanta, sama ya kamata ya hau. Yaren Go yana da Remove da Fix masu yin wannan daidaitawa idan an ba su lambar gurbi.

Ta biyu ita ce jinkirta cirewa. A sa wa abin alamar an soke shi, a bar shi a wurinsa, sai ranar da ya taso sama a jefar da shi. Kundin heapq na Python ba shi da umarnin cirewa daga tsakiya, wannan dabara ce bayanansa na hukuma suka kawo a matsayin mafita. Ta fi sauƙin rubutawa, amma sokakkun abubuwa suna cin wurin ajiya har sai an share su.

Ga mai koyon shirya manhaja a Rano ko Kibiya, ma'aunin zaɓi shi ne yawan sokewa. Idan jefi-jefi ake sokewa, alama ta wadatar. Idan kuwa kusan komai ana sokewa kafin lokacinsa, kuma wayoyin da za su ɗauki manhajar masu ƙaramin ma'aji ne, wahalar rubuta rajista ita ce za ta hana manhajar tsayawa cak a hannun mai amfani.