Mantiƙa Sinaiya da Haƙƙin Magani: Masu Ɗauke da Ƙanjamau a Kudancin Khartum

Mantiƙa Sinaiya, wato yankin masana'antu da garejoji da ke kudu da tsakiyar birnin Khartum, wuri ne da makanikai da masu walda da masu gyaran bodin mota da dillalan kayan gyara suke neman abinci, kuma tana da takwarori masu irin sunanta a Omdurman da Bahri. Akasarin masu aiki a nan 'yan yomiya ne, ma'ana waɗanda ake biya ladan wuni guda da yamma, tare da yara masu koyon sana'a da mata masu sayar da shayi da gahawa a bakin garejoji, waɗanda mutanen gari ke kira sittat shayi. A gefen wannan yanki ne unguwar Ishash Fallata ta daɗe tana zaune, cike da Hausawa da Fulani da Barebari, kafin a rushe ta a farkon mulkin Umar al-Bashir, wanda ya hau a 1989, a kwashe mutanenta zuwa Ingaz a can kudancin birni, maƙwabciyar unguwar Mayo.

Kakannin waɗannan mutane mahajjata ne da suka bi ta ƙasa suna neman Makka, da kuma masu hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, sannan aikin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925 ya riƙe wasu da dama. Duk da daɗewarsu, takardar zama ɗan ƙasa ta ci gaba da yi musu wuya, domin dokar 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da zaman kakanninsa tun ƙarshen 1897, kuma ko bayan da dokar 1994 ta sassauta sharaɗin zuwa 1956, tuhumar baƙunci ba ta gushe ba, kamar yadda rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya nuna. Wanda ya tashi yana ganin ana tantamar asalinsa a ofishin hukuma ba ya saurin kai sirrin jikinsa asibitin hukuma.

An fara samun rahoton cutar ƙanjamau a Sudan a 1986, aka kuma kafa shirin ƙasa na yaƙi da ita a 1987. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarun baya-bayan nan ta nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke karya garkuwar jiki har ta kai ga ƙanjamau, suna tsakanin dubu 40 da dubu 50, adadin da bai kai mutum ɗaya cikin ɗari na manya ba, amma ko kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 waɗanda ke kan magani ba su kai rabinsu ba. Maganin kuwa kyauta ne, ana sayen sa da kuɗin Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ta hannun hukumar raya ƙasashe ta UNDP, kafin yaƙin kuma ana raba shi a cibiyoyi irin su wadda ke Asibitin Koyarwa na Omdurman da ta Asibitin Basha'ir a kudancin Khartum. Tazarar da ke tsakanin maganin da babu kuɗi a kansa da majinyacin da bai same shi ba ita ce ainihin matsalar.

Maganin rage kaifin cutar ba ya kawar da ƙwayar daga jiki. Abin da yake yi shi ne hana ta hayayyafa, har yawanta a jini ya ragu ta yadda gwaji ba ya iya gano ta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya dawwama a kai ba ya sa wa matarsa ko mijinta cutar ta hanyar saduwa, haka nan mai juna biyu tana iya haifar ɗa lafiyayye. A yau ƙwaya ɗaya ce a wuni, amma sharaɗinta shi ne kada a yanke, domin idan aka dakata na makonni ƙwayar cutar tana sake yaɗuwa, wani lokaci ta bijire wa maganin, tarin fuka kuma ya sami ƙofa. A nan ne rayuwar ɗan yomiya take karo da tsarin asibiti: wunin da ya yi a layin karɓar magani wuni ne da gidansa ba a ɗora tukunya ba, ga kuɗin bas ko raksha mai ƙafa uku, ga tambayar maigidan gareji game da inda yake zuwa a kai a kai. Yaron da ke kwana a shago tare da abokan aikinsa ba shi da wurin ɓoye kwalbar magani, kuma mai shayin da aka san tana ɗauke da cutar za ta rasa masu saye, alhali kofi da cokali ba sa yaɗa ta.

Tsoron tonon asiri yana da tushe a doka, ba a gulmar unguwa kaɗai ba. Dokar laifuffuka ta 1991 ta tanadi hukunci mai tsanani kan zina da luwaɗi, kuma dokar kiyaye tarbiyyar jama'a ta jihar Khartum ta bai wa 'yan sanda damar kai samamen da ake kira kasha, wanda masu shayi da 'yan talla suka fi kowa shan wahalarsa. An soke wannan doka ta biyu a Nuwamban 2019, an kuma sassauta wasu hukunce-hukuncen ta farko a 2020, sai dai tunanin cewa duk mai cutar mai laifi ne bai tafi da su ba, duk da cewa matan aure da jarirai da waɗanda aka ƙara wa jini suna cikin masu ɗauke da ita. Shi ya sa wasu ke tsallake cibiyar da ke kusa da gida su haye Nilu zuwa Omdurman, inda ba a san fuskarsu ba, wasu kuma ba sa zuwa sai ciwo ya kwantar da su. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta Sudan ta daɗe tana aikin lallashin irin waɗannan, kuma maganar wanda ya sha magani ya tashi ta fi wa'azin jami'i shiga kunne.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya rushe wannan ɗan tsari. Rumbunan hukumar samar da magunguna ta ƙasa suna cikin Khartum, inda faɗa ya fi zafi, an mamaye babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa tun a makonnin farko, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake yaƙi sun daina aiki. Masu hali sun tafi Wad Madani, wadda ita ma ta faɗi a Disambar 2023, ko Fot Sudan ko Masar; mutanen Mayo da Ingaz da yawa ba su da kuɗin mota, sai suka zauna. Asibitin Basha'ir, wanda 'yan sa-kai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka riƙe, ya koma wurin ɗinke raunuka, kamar ranar 10 ga Satumban 2023 da aka kai hari kasuwar Goro aka kashe mutum fiye da 40, har MSF ta dakatar da aikinta a can a Janairun 2025 saboda hare-haren da ake kai wa ma'aikata da majinyata. Matasan ɗakunan agajin gaggawa da masu takaya, wato girkin sadaka na unguwa, sun ciyar da dubban mutane, amma mai neman maganin ƙanjamau ba ya iya faɗin buƙatarsa a bainar jama'a yadda mai ciwon suga ke neman insulin.

Sudan ta amince da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu a 1986, wadda sashenta na 12 ya tabbatar da haƙƙin lafiya, haka ma sashe na 16 na kundin Afirka kan haƙƙin ɗan'adam da al'ummomi. Fassarar da masana suka yi wa wannan haƙƙi ta wuce a ce magani yana cikin rumbu: dole ya kasance mutum na iya kaiwa gare shi da ƙafarsa da aljihunsa, ba tare da an bambanta shi saboda ƙabila ko sana'a ko rashin takarda ba, kuma a tsare masa sirrinsa. Bayan da sojoji suka karɓe Khartum a Maris na 2025 mutane suka fara komowa, abin da ke gaban hukumomin lafiya shi ne nemo waɗanda maganinsu ya yanke, a auna yawan ƙwayar a jininsu, a duba su kan tarin fuka, a riƙa ba su maganin watanni uku zuwa shida a zuwa ɗaya kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sannan a buɗe wuraren karɓa a lokutan da ɗan gareji da mai shayi za su iya zuwa ba tare da sun yi asarar yomiyarsu ba.