"Ya Sa Shi Ya Zauna" Ko "Ya Zaunar Da Shi"?

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani abu da ya same ni sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da Kafanchan. Na gaya wa 'yan aji biyar cewa "sa" da ɗafin "-ar da" ma'anarsu ɗaya ce, watau "ya zaunar da yaro" daidai ya ke da "ya sa yaro ya zauna". Sa'an nan na ba su jimloli su juya. Wani yaro ya sami "Baba ya sayar da akuya", sai ya rubuta "Baba ya sa akuya ta saya". Aji ya fashe da dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Alhali kuwa dokata ya bi, laifin nawa ne.

Kowane harshe yana da hanyarsa ta nuna wanda ya jawo aiki. Turanci ya kan ɗauki "make", mutanen Biyetnam kuma "làm", dukansu biyu ma'anarsu kusa da "yi". Bahaushe "sa" ya ɗauka, ita ce dai ta sa riga da sa gishiri a miya. In malam ya sa yaro ya zauna, umurni ya bayar, yaron ne ya zauna da kansa, da ya ga dama ma ya ƙi. In kuwa ya zaunar da shi, to galibi ya kama kafaɗarsa ke nan. Haka uwa ta kan shayar da jariri, likita ya kwantar da majinyaci.

Amma wajen "sayar" babu wanda aka sa ya yi kome. F. W. Parsons, wanda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, ya kira wannan aji na 5 mai jawo aiki. A 1983 Paul Newman ya nuna cewa ainihin ma'anarsa ita ce aikin ya rabu da mai yinsa ya nufi waje. A ganina wannan ya fi kama hankalin yara. Ka sayi akuya ta zo gidanka, ka sayar da ita ta bar gidanka. Haka "zubar da ruwa" da "jefar da sanda".

Yawancin yaranmu da Jju ko Tyap suka tashi a gida, Hausa kuwa a kasuwa da wurin wasa suka tsince ta. Saboda haka za ku ga sun rubuta "sai da doya", "fid da kaya", "mai da kuɗi". Kada ku ja musu jan biro, Hausa ce sosai, gajeren siffar ce kurum.

Kashegari na kira yaron nan gaban aji, na ce masa ya sa ni in zauna, sa'an nan ya zaunar da ni. Da ƙyar ya yarda ya taɓa kafaɗata.