Kasuwar Ɗaukar Malamai: Inda Makarantun Ƙasa da Ƙasa Ke Neman Ma'aikata

Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya ke kaɗawa a Damagaram da Tawa, ana cin wata irin kasuwa a manyan biranen duniya wadda ba a kasa gero ko goro a cikinta. Masu saye diraktocin makarantu ne, abin da a ke ciniki kuwa aikin koyarwa. Ana cin ta a Landan da Bankok da Dubai da wasu garuruwan Amurka, cikin babban zauren otel, kwana 2 ko 3, sannan a watse sai baɗi.

Makarantun da su ke zuwa wannan kasuwa su ne waɗanda a ke kira makarantun ƙasa da ƙasa. Ɗaya daga cikin na farkonsu an buɗe ta a Janeba, ƙasar Suwis, a 1924, domin ƴaƴan ma'aikatan Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani, waɗanda iyayensu su ka baro garuruwansu saboda aiki. A wannan birni ne kuma a ka kafa bakaloriya ta ƙasa da ƙasa a 1968, don yaron da ya soma karatu a Nairobi ya iya ƙarasa shi a Tokiyo ba tare da an mayar da shi baya ba. A shekarar 2000 irin waɗannan makarantu masu koyarwa da Ingilishi ba su kai 3,000 ba. A 2024 sun haura 14,000, kuma mafi yawan ɗalibansu yanzu ƴan ƙasa ne waɗanda iyayensu ke da halin biya. Ko a Yamai akwai makarantar Amurka irin wannan. To, makaranta ba ta yiwuwa sai da malami, kuma malamin da ya yi shekara 2 ko 3 a baƙuwar ƙasa yakan ɗaure kaya ya yi gaba. Saboda haka kowace shekara sai an cike gurabe masu ɗimbin yawa.

Kamar kowace kasuwa, wannan ma tana da dillalanta. Akwai ƙungiyar International Schools Services da a ka kafa a Amurka a 1955, akwai kamfanin Search Associates na 1990, sannan Jami'ar Arewacin Ayowa ta soma shirya nata taron tun 1976. Ba a shiga haka kawai. Tun watanni kafin ranar, malami zai aika da dosiyensa: takardun shaidar karatu, tarihin aikinsa, da shaidar shugabannin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu. Wannan shaida a asirce a ke aika ta ga dillalin, mai ita ba ya ganin abin da a ka rubuta a kansa. Yawanci ana son wanda ya koyar shekara 2 aƙalla. Sai dosiye ya cika a ke gayyatar mutum.

Safiyar farko ita ce mai wuya. Kowace makaranta tana da teburinta, an jera su bisa sunayen ƙasashe, a bayan darakta an liƙa babbar takarda mai ɗauke da guraben da ya ke nema: lissafi, kimiyya, Faransanci, ajin ƙananan yara. Da an buɗe ƙofa sai malamai su kwararo, kowa ya bi layin da ya ke so. Wanda layi ya zo kansa yana da minti 2 ko 3 ne kacal ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya iya. In ya gamsar, a ba shi lokacin ganawa, wajen rabin awa. In bai gamsar ba, a yi masa godiya, ya koma wani layi. Ana cikin haka sai a ga darakta ya miƙe ya ja layi a kan wani gurbi, wato an cike shi, masu jira su watse. A da, ganawar ma a ɗakin kwanan darakta a ke yin ta, shi a kujera, malami a wata kujerar, gado a gefe. Abin bai yi kyau ba, kuma an yi ta sukarsa.

Mai karatu zai ce, tun da akwai intanet, mene ne amfanin wannan wahala? Gaskiya ne, annobar korona ta 2020 ta tilasta a ka mayar da tarurrukan ta kwamfuta, kuma har yanzu makarantu da yawa suna ɗaukar malamai ta wannan hanya tun watan Oktoba, kafin a ci kasuwar. Amma takardar da a ka aika daga nesa tana shiga cikin ɗaruruwan irinta, wataƙila ba wanda zai buɗe ta. A zauren kuwa, malami yana tsaye gaban mutumin da ke da ikon cewa i ko a'a. Cikin kwana 2 yana iya ganawa da makarantu 6 ko 7, aikin da in ta wasiƙa ne sai ya ci watanni.

Kuma ba darakta kaɗai ke auna mutum ba, shi ma ana auna shi. Malami zai ga yadda ya ke amsa tambaya a kan gidan kwana, da kuɗin jirgi, da magani, da karatun ƴaƴansa, da ko albashi da kuɗin ƙasar a ke biya ko da dalar Amurka, domin kuɗin wata ƙasa yana iya karyewa kafin kwantiragi ya ƙare. Abin da ya fi haka amfani shi ne hirar bakin ƙofa da ta wajen shan shayi. A nan ne zai gamu da wanda ya baro makarantar da shi ya ke sha'awa, ya ji labarin da ba a rubutawa a takardar talla. Sau da yawa mutum yakan zo da niyyar Turai, ya koma gida da kwantiragin Masar ko Biyetnam, saboda a nan ya tarar da gurbin da ya dace da shi. Mata da miji waɗanda dukansu malamai ne su kan fi saurin samu, don gida ɗaya zai ishe su.

Sai dai kasuwar tana da ƙa'ida mai tsauri. In an yi wa malami tayin aiki, lokacin tunani kaɗan a ke ba shi, wani lokaci kwana guda. In ya ce ya yarda, ko da baki ne, magana ta ɗauru, kuma kwantiragin farko na shekara 2 ne. Wanda ya saɓa don ya hango wanda ya fi, dillali zai cire sunansa, diraktoci kuwa sun san juna. Bincike ma ya ƙara tsanani tun 2014, lokacin da asirin wani malami Ba'amurke ya tonu, wanda ya shafe shekaru da dama yana lalata da yara a makarantun ƙasashe daban-daban ba a gane ba. A shekarar ce ƙungiyoyin su ka kafa kwamitin kare yara, kuma yanzu ana neman takardar shaidar rashin laifi daga ƙasashen da mutum ya zauna.

Ina matsayin malamin Nijar a nan? Dattawa suna tuna lokacin da mushen lisafi Bafaranshe ne ko mutumin Dahomai ko Togo, na Ingilishi kuwa ɗan sa-kai daga Amurka, cikin waɗanda su ka yi aiki a ƙasar daga 1962 zuwa 2011. Hanyar ba ta zama dole ta bi gefe ɗaya ba. Faransanci yana cikin harsunan da a ke rubuta bakaloriya ta ƙasa da ƙasa da su, kuma makarantu masu yawa a Akara da Abuja da Nairobi suna koyar da shi. Wanda ya fito daga babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni, ya kuma iya Ingilishi sosai, yana da abin kasawa.

Amma kada a ɓoye wahalar. Kuɗin jirgi daga Yamai zuwa Landan da na otel sun fi albashin watanni da dama, ga biza ba ta samuwa da sauƙi, kuma ba wanda ya yi alkawarin aiki. Wasu makarantu har yanzu fasfo su ke dubawa kafin ilimi. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a sani: wanda a ka ɗauko daga ƙetare ana ba shi gida da tikitin jirgi, wanda a ka ɗauka a cikin gari kuwa sau da yawa albashi kaɗai ya ke samu, alhali aji ɗaya su ke shiga. Wannan rashin adalci ne, amma shi ne babban dalilin da ya sa zuwa kasuwar ya ke biyan wahalarsa.

Ma'aikacin gwamnati kuma ba ya tashi haka nan, sai ya nemi izinin ajiye aiki na wani lokaci daga ma'aikatarsa, kuma takardar tana bin ofisoshi kafin ta fito. Yawancin makarantun ƙasa da ƙasa a watan Agusta su ke buɗewa, ba Oktoba ba kamar lakol ta gida. Wanda ya sa hannu a Janairu, watanni 7 ne gare shi na neman izini, da fassara takardunsa zuwa Ingilishi, da samun bizar aiki ta ƙasar da za shi.