Thälmann da Breitscheid: Abokan Gabar da Aka Haɗa Cikin Sanarwar Mutuwa Ɗaya

A Jamus ta shekarun 1920, manyan jam'iyyu biyu ne ke iƙirarin su ne na ma'aikata. Akwai SPD, tsohuwar jam'iyyar da ta yarda a gyara rayuwar talaka ta hanyar zaɓe da majalisa. Akwai kuma KPD ta 'yan kwaminis, wadda ta fito daga tsatso ɗaya da ita amma take jiran juyin juya hali irin na Rasha. Daga 1925 shugaban KPD shi ne Ernst Thälmann, mutumin Hamburg wanda ya yi leburanci a tashar jiragen ruwa kafin siyasa ta ɗauke shi. Cikin jiga-jigan SPD a majalisar ƙasa kuwa akwai Rudolf Breitscheid, ɗan boko, gwanin magana, masanin harkokin waje.

Tun farko akwai jini a tsakani. A watan Janairun 1919, lokacin da SPD ke riƙe da gwamnati, sojojin sa-kai da aka ɗauko domin murƙushe boren Berlin suka kashe Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, waɗanda suka kafa KPD. 'Yan kwaminis ba su taɓa yafewa ba.

Duk ɓangarorin biyu sun san mene ne fasistanci, don a kan idonsu ya tashi a Italiya. Mussolini ya kafa ƙungiyarsa a Milan cikin 1919, ya hau mulki a Oktoban 1922. Mabiyansa masu baƙaƙen riguna suna ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago, su lakaɗa wa abokan hamayya duka, su ɗura musu man zurma don wulaƙanci. A 1924 suka sace ɗan majalisa Giacomo Matteotti suka kashe shi, zuwa 1926 kuma an haramta kowace jam'iyya ban da tasu. Alamomin abin a fili suke: jam'iyya mai rundunar 'yan daba, shugaba ɗaya da ba a ja da maganarsa, ɗaukaka ƙasa a kan kowane ɗan ƙasa, da niyyar rufe ƙofar zaɓe da zarar an shiga.

Sai ga wata fassara daga Mosko. Tun 1924 Stalin ya rubuta cewa jam'iyyu irin su SPD tagwaye ne da fasistanci. Tsakanin 1928 da 1929 ƙungiyar 'yan kwaminis ta duniya, Kwamintan, ta mayar da wannan magana doka ga dukan rassanta. Hujjarsu ita ce, ɗan fasist na fili kowa ya san shi, amma SPD tana riƙe wa 'yan jari-hujja ƙafa alhali tana sanye da rigar ma'aikata, saboda haka ita ce za a fara yaƙa. Aka laƙaba mata suna 'yan fasist masu rigar gurguzu.

SPD da kanta ta ba su abin kafa hujja. Ranar 1 ga Mayun 1929, shugaban 'yan sandan Berlin, Karl Zörgiebel, ɗan SPD, ya hana jerin gwanon ranar ma'aikata. 'Yan kwaminis suka fito, 'yan sanda suka buɗe wuta, cikin kwana uku aka kashe mutum fiye da 30, da yawansu ba su da hannu a zanga-zangar. Su ma 'yan SPD bakinsu bai mutu ba. Kurt Schumacher ya kira 'yan kwaminis 'yan Nazi da aka shafa wa jan fenti.

Ana cikin wannan zage-zage, jam'iyyar Hitler ta tashi daga kujeru 12 a 1928 zuwa 107 a zaɓen Satumbar 1930. Shugabannin KPD ba su ga wani sabon abu ba, domin sunan fasist ya riga ya game kowa. Gwamnatin Brüning da ke mulkin Jamus a lokacin fasist ce a wurinsu, ta Papen da ta biyo baya ma haka. In kuwa an riga an shiga mulkin fasistanci, zuwan Hitler me zai ƙara?

A Agustan 1931 'yan ra'ayin riƙau da 'yan Nazi suka nemi a rushe majalisar jihar Prussia ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, don a kayar da gwamnatin Otto Braun ta SPD. Da umarnin Mosko, KPD ta ce wa magoya bayanta su kaɗa ƙuri'a tare da su. Yunƙurin bai yi nasara ba, don ma'aikata da yawa sun ƙi fita. A Nuwamban 1932 kuma aka ga 'yan kwaminis da 'yan Nazi sun tsaya layi ɗaya a yajin aikin ma'aikatan sufurin Berlin. Duk wannan yana faruwa ne alhali a lungunan birnin matasan KPD na gwabzawa da 'yan dabar Hitler, ana mutuwa ta kowane ɓangare. Leon Trotsky, ɗan kwaminis abokin hamayyar Stalin, daga gudun hijira a Turkiyya, ya yi ta rubutu yana gargaɗin cewa in ba a haɗa kai ba Hitler zai murƙushe su duka. Aka ce ai shi ma maci amana ne.

A zaɓen 6 ga Nuwamban 1932 'yan Nazi sun sami kujeru 196, SPD 121, KPD 100. Jimillar na ma'aikata 221 ke nan, sun fi na Hitler. Wannan bai kai rinjaye a majalisa mai kujeru 584 ba, kuma shugaban ƙasa Hindenburg da 'yan ra'ayin riƙau ne suka miƙa wa Hitler mulki ranar 30 ga Janairun 1933. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da ake buƙatar yajin aikin gama-gari, ba wanda ya yarda da kiran ɗan'uwansa.

Aka ƙona ginin majalisa ranar 27 ga Fabrairu, aka ɗora wa 'yan kwaminis. Ranar 3 ga Maris aka kama Thälmann. Ranar 23 ga Maris majalisa ta zauna don ba Hitler ikon yin doka shi kaɗai. Wakilan KPD 81 ba ko ɗaya a zauren, wasu na tsare, wasu sun ɓuya. Ƙuri'a 444 ta amince. Waɗanda suka ce a'a mutum 94 ne, dukansu 'yan SPD, jam'iyyar da aka shekara huɗu ana kira fasist. A watan Yuni ita ma aka haramta ta.

Sai a 1935 Kwamintan ta janye tsohuwar maganarta, ta yi kiran haɗin kai da duk mai adawa da fasistanci. Ihu bayan hari. Breitscheid, da ke gudun hijira a Paris, yana cikin waɗanda suka zauna da 'yan kwaminis don neman wannan haɗin kai, amma haɗin kan bai ɗore ba. A 1941 gwamnatin Vichy ta Faransa ta miƙa shi ga Gestapo, 'yan sandan sirrin Hitler, daga baya aka kai shi sansanin Buchenwald.

Thälmann ya yi shekara 11 a kurkuku, mafi yawansu shi kaɗai a ɗaki, ba a taɓa yi masa shari'a ba. Ko lokacin da Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler a 1939, bai fitar da shi ba. Ranar 18 ga Agustan 1944 aka kai shi Buchenwald aka harbe shi bisa umarnin Hitler. Kwana shida bayan haka jiragen Amurka suka yi ruwan bama-bamai a masana'antar makaman da ke jikin sansanin, Breitscheid ya mutu a ranar. 'Yan Nazi suka sami abin fakewa. A watan Satumba suka ba da sanarwa ɗaya cewa Thälmann da Breitscheid sun mutu tare a harin jirage.

Bayan yaƙi, magadan KPD suka kafa mulki a Jamus ta Gabas, suka sa sunayen mutanen biyu a tituna da makarantu. Sai dai ɗabi'ar laƙaba sunan ba ta bar su ba. Da ma'aikata suka yi bore a Yunin 1953 kan ƙarin aiki ba ƙarin albashi, gwamnati ta ce yunƙurin juyin mulki ne na 'yan fasist, tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe shi. Katangar da suka fara ginawa a Berlin cikin 1961 don hana 'yan ƙasarsu tserewa, sunanta a hukumance katangar kariya daga fasistanci. Aƙalla mutum 140 ne suka rasa ransu a dalilinta kafin a buɗe ta a 1989.