Yadda Ɓera Ya Bayyana Asalin Namiji da Mace

A shekarar 1991, masana a cibiyar binciken lafiya ta Mill Hill da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Robin Lovell-Badge, suka samar da wani ɓera mai kromosom XX, wato tsarin mace, amma ya fito namiji da marainansa. Ƙwayar gado guda ɗaya tak suka ƙara masa, mai suna Sry, wadda a ka'ida kan kromosom Y na namiji take zama.

Aikin na buƙatar haƙuri. Ana ɗauko ƙwan ɓera jim kaɗan bayan maniyyi ya shige shi, tun bai rabu gida biyu ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a riƙe ƙwan da bakin wani ɗan bututu, a soke shi da allurar gilashi wadda ta fi silin gashi siranta, a zuba DNA a cikinsa, sannan a dasa shi a jikin wata ɓera ta raini cikin. Ƙwai da yawa lalacewa suke yi, kuma cikin 'ya'yan da aka haifa kaɗan ne ke ɗauke da abin da aka zuba. Jon Gordon da Frank Ruddle na Jami'ar Yale a Amurka ne suka nuna wannan dabara a 1980.

An zaɓi ɓera ne saboda cikinsa kwana 20 ne ko kusa da haka, yana haihuwa da yawa, ga shi mai shayarwa kamar mu. Abin da ba zai halatta a gwada kan ɗan tayin mutum ba, a nan ake ganinsa.

A farkon ciki, tayin namiji da na mace ba su da bambanci. A ɓera, wajen kwana na 11 Sry ke farkawa na ɗan lokaci, ta karkatar da halittar zuwa maraina, sai ta yi shiru. Mutum ma yana da irinta, kuma daga uba kaɗai ake gadonta. Magidancin da ke ɗaure wa matarsa fuska don ta jera masa 'ya'ya mata, ya sani babu hannunta a ciki.

Sai dai wancan ɓeran, duk da yana barbara, bai iya haihuwa ba. Samar da maniyyi na buƙatar wasu ƙwayoyin gado na kan Y da ba a ba shi ba.