Sifar Launi *Blanquecino* da Takwararta *Fari-fari* a Hausar Zangon Accra

A harshen Sifaniyanci, kalmar *blanco* ita ce fari. Daga cikinta aka samo sifar *blanquecino*, wadda ke nufin abin da ya doshi fari amma bai kai ba. An samar da ita ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeya a jikin saiwar kalma, kuma tana bin jinsi da adadin sunan da take siffantawa: *blanquecino* ga namiji, *blanquecina* ga mace, *blanquecinos* da *blanquecinas* ga jam'i. Akwai kuma *blancuzco*, sai dai ita ta fi karkata ga farin da ya yi dauɗa.

Hausa ba ta amfani da ɗafi a nan, cikakken ninki take yi, tare da gajarta wasalin ƙarshe: fari-fari, fara-fara, farare-farare. Haka ake samun baƙi-baƙi da kore-kore da jaja-jaja. Kokon gero da ake sayarwa da safe a Nima da Maamobi misali ne mai kyau, domin ba a ce masa fari kai tsaye ba, fari-fari ne. Haka ma sararin Accra a lokacin hazon Disamba da Janairu.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne ma'anar ninkin. A harshen Twi da Turancin buroka na Ghana, waɗanda yaran Zango ke ji kullum, maimaita sifa yakan ƙarfafa ta. A wannan tsari na Hausa kuwa rage ta yake yi. Saboda haka ɗalibin da ya fassara *una tela blanquecina* da "yadi fari fat" ya juya ma'anar gaba ɗaya, domin amsa-kama irin su *fat* da *tas* da *sol* su ne masu ƙarfafawa. Kuskuren bai tsaya a aji ba: wanda aka aika Kasuwar Nima sayen likkafani, ya ce wa mai yadi fari-fari yake so, zai iya komawa gida da mai ruwan madara.

Sai batun jinsi. Hausar Ghana ta fi barin sigar namiji ta wakilci kowa, don haka a Maamobi za a iya jin "riga fari-fari". Wannan daidai ne a karin wurin, amma Daidaitacciyar Hausa, kamar Sifaniyanci, tana buƙatar "riga fara-fara", kuma ita ake nema a rubutun jarrabawa.